Ranar da Kawu Ya Ci Ɗanwake a Aji

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bayan noma ba shi da wata sana'a sai ci. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba, shi da kansa da wannan yake tinƙaho. A Gwaram idan ana suna ko ɗaurin aure, masu gida kan ware masa kwanonsa daban su kai shi gefe, don kada wanda aka haɗa su ya tashi da yunwa da ɓacin rai. Ya ce gado ya yi. Wai kakan kakanmu, tun kafin zuwan Turawa, ɗan dako ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma bai taɓa ɗaukar guzuri a ka ba. Sai ya zauna a ƙofar gida ya cinye na tafiyar gaba ɗaya kafin ya tashi, yana cewa ya fi sauƙin ɗauka a ciki. Akushin wannan bawan Allah yana nan a gidan kawu, baƙi ƙirin, da faɗin da za a iya yi wa jariri wanka a ciki.

A shekarata ta ƙarshe a makarantar horon malamai aka tura ni wata firamare a Gwaram in yi gwajin koyarwa. Mu mutanen Kwandiko ne, ba a cikin garin Gwaram muke ba, don haka na sauka a gidan kawu. Lokacin bai daɗe da yin aure ba. Ya auro wata mace mai kirki daga Birnin Kudu, mai yawan dariya, wadda ta ɗauki cin mijinta a matsayin yabon hannunta. Zamana da su ya yi mini daɗi, in dai na yi hanzari wajen miƙa hannu cikin kwano.

Yadda ake yi shi ne, mai duba malamai zai zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda kake koyarwa, sannan ya yanke maka hukunci. Zuwan farko na sha ƙasa. Na tsaya gaban allo ina ta zuba Turanci, yara suna ta kallon ƙadangare a taga. Wanda aka turo ya kira ni waje ya ce, "Malam, darasinka ya yi kyau, amma kai kaɗai ka halarta." Ya ce zuwa na gaba wani ne daban za a turo, kuma in tabbata na kawo abin da yara za su gani da idonsu. Wannan zuwa na biyu shi ne na ƙarshe. In na sake faɗuwa sai maimaita shekara, mahaifina kuwa ya riga ya gaya mini ba zai yarda da maimaici ba. Ƙarfinsa ya fara ƙarewa, gona tana buƙatar hannu, in boko ta ƙi ni in dawo gida in kama fartanya. Ni kuma ina son koyarwa har cikin raina, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Darasin da ya faɗo kaina a makon, wani abu ne na Turanci da ya daɗe yana wahalar da 'yan aji shida, ni ma bai bar ni ba. Bature yana da hanya biyu ta ba da labarin aikin da aka fara ɗazu. In ya ce "He has eaten the food," to an gama, ga kwano nan babu komai, kowa ya gani. In kuma ya ce "He has been eating the food," to tun ɗazu mutumin ya fara, kuma har yanzu yana kai, ko kuwa yanzu ya ɗaga hannu, ga maiƙo nan a bakinsa. Ta farko aikin da aka kammala take nunawa, ta biyu kuma yadda aka daɗe ana yi. Na rubuta wannan a allo har alli ya ƙare, yara suka kwafa da kyau, amma in ka tambaye su sai su ba ka duk wadda ta fara zuwa bakinsu.

Wata ranar kasuwa da yamma ina zaune a tsakar gida ina wannan tunani, kawu yana gabana ya sa akushi tsakanin ƙafafunsa yana fama da ɗanwake. Ina kallo tulin yana sauka, yana sauka, har ya kai ga katako. Sai na ji kamar an buɗe mini taga a ka. Ga darasina nan a zaune yana lashe tsinke.

Na ce, "Kawu, wata alfarma nake nema."

Ya ce, "In dai ba ɗanwake ba ne, don ya ƙare."

Na yi masa bayani. Zai zo aji ranar dubawa, ya zauna a gaba, ya ci. Yana cikin ci yara su faɗi jimla ta biyu, ya gama su faɗi ta farko. Ya ajiye tsinke ya dube ni.

"Wato in zauna in ci abinci, shi ne aikin?"

"Shi ne, Kawu."

"Kuma gwamnati ta san da wannan?"

"Ita ta ce a kawo abin da yara za su gani."

Ya girgiza kai ya ce, "Ashe boko ta gyaru. A zamaninmu bulala kawai ake rabawa."

Matarsa tana bakin murhu, dariya ta hana ta ɗaga tukunya. Ita ce ta ce sai an yi gwaji, kuma ta yi gaskiya, don a gwajin ne muka gano matsala. Kawu ya fi Turanci sauri. Kafin in gama faɗin jimlar da ke nuna yana cikin ci, ya riga ya shiga wadda ke nuna ya gama. Na roƙe shi ya riƙa taunawa. Ya ce ɗanwake ba a tauna shi, raka shi ake yi. Muka sake gwadawa washegari, ya yi ƙoƙari, ya ɗan tsaya a tsakiya ya sha ruwa, amma duk da haka kamar an kunna injin niƙa. A ƙarshe matarsa ta ce ita za ta magance abin ta wajen yawa. Za ta cika akushin har ya yi tozo, ta kuma zuba yaji mai yawa ko zai riƙa tsayawa yana shan iska.

Ranar dubawa kawu bai karya ba. Ya ce aikin gwamnati ba a zuwa masa da rabin yunwa. Ya sa babbar rigarsa ta aure, ya kafa hula, ya ɗauki akushi da kansa an rufe da faifai, muka nufi makaranta mutane suna tambayarsa ina zuwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Turanci za ni koyarwa." Na shimfiɗa masa tabarma a gaban aji daura da allo. Yara suka yi tsit, ƙanshin man gyaɗa da albasa ya cika ɗakin. Tun da na zo makarantar ban taɓa ganin idanunsu duka a gaba ba sai ranar.

Can muka ji ƙarar babur. Mai dubawa ya shigo, dattijo ne siriri mai tabarau, da furfura a gemu, irin mutanen da ko murmushi za su yi sai sun duba ko ya halatta. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya dubi kawu, ya dubi akushi, ya dube ni. Na yi masa bayanin abin da na shirya. Ya ɗan ɗaga gira ya ce, "To, madalla. Wannan sabo ne." Na ji sanyi a raina.

Da ya wuce kujerarsa kai tsaye, da shi ke nan. Amma dattijo ba ya wuce babban mutum a zaune bai gaisa da shi ba. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi ruwa. Kawu kuwa in ya sami mai sauraro ba ya iya tsayawa. Ya ɗan ɗaga faifai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba irin ɗanwaken kasuwa ba ne. Hannun Birnin Kudu ne. Iyalina 'yar can ce."

Mai dubawa ya ce, "Ikon Allah. Ai ni ma can ne gida. 'Yar wace unguwa ce?"

Kawu ya faɗi unguwa. Ya faɗi gida, mai ƙatuwar tsamiya a ƙofa, gidan marina. Ya faɗi sunan mahaifinta, har da yadda yake ɗingishi.

Dattijon ya cire tabarau. Ya ce, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ashe kai ne mijin 'yar tawa. Lokacin bikin ina Kano, ban sami zuwa ba."

Ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance a gaban idona kamar yadda kawu ya yi ba. Ya mayar da faifai ya rufe akushi a hankali. Ya sauka daga kan tabarma ya durƙusa a kan siminti, ya sunkuyar da kai, ya sake gaisuwa daga farko, wannan karon da "Baba" a kowace gaɓa. Sannan ya ja jiki ya koma lungun allo ya juya fuska wajen bango.

Kowa a ɗakin nan ya san abin da ya faru, har yaran. Namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ko ruwa zai sha sai ya kauce. Mutum zai yini a gidan surukai yunwa tana murɗa masa hanji, a kawo abinci ya ce ya ƙoshi, kuma a yaba masa a kan haka. Balle wannan, ƙanin uban matarsa, haɗuwar farko, kuma abin da za a ci akushi ne mai tozo.

Shi ma dattijon kunyar ta kama shi. Ya yi ta goge tabarau da bakin riga har na zaci zai huda gilashin. Daga baya ya gyara murya, ya je ya zauna a kujerarsa ta baya, ya ce, "Ni yau a nan ba surukin kowa ba ne. Aiki aka aiko ni. Malam, fara darasinka."

Daga lungu kawu ya ce da ƙaramar murya, "Baba, ai ko aiki aka aiko ka, kai ɗin ne dai."

Na yi saurin cewa ko wani daga cikin yara zai zo ya zauna a madadinsa. Kuskure ne babba. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, wasu suka hau benci, biyu a baya suka fara dambe a kan wa ya riga ɗagawa. Da ƙyar na zaunar da su. Na ce to kawu ya fita da akushi bayan taga ya ci a can. Nan take rabin aji suka miƙe za su taga, sauran suka nufi ƙofa. Na sake zaunar da su. Na ga alƙalamin mai dubawa ya fara tafiya.

Na ce a raina bari in yi da abin da ya samu. Na nuna kawu, wanda ya ba mu baya, na ɗaga murya na ce, "He has been eating the food. Ku maimaita."

Suka maimaita, amma ba da zuciya ɗaya ba. Wata yarinya a layin gaba, 'yar ƙarama mai kaifin baki, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai bai ci komai ba."

Gaskiyarta ce. Na juya ga allo in rubuta wani abu, ko mene ne, allin ya karye a hannuna. Na sunkuya in ɗauka. Na ga gonar mahaifina a idona ƙarara, har da kututturen da ke tsakiyarta. Ban yi wa kawu magana ba, wallahi ban roƙe shi ba, don na san abin da zan roƙa ya fi ƙarfin alfarma. Amma da na ɗago sai muka haɗa ido, ya ɗan waiwayo yana kallona ta gefen kafaɗa.

Sannan ya ja numfashi, ya rarrafo ya dawo kan tabarma, ya jawo akushi, ya ɗage faifai. Ba tare da ya ɗaga kai ba ya ce, "Baba, bismillah."

Dattijon ya kafa ido a rufin aji ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Kawu ya ɗauki tsinke ya soki na farko.

Abin da na kasa samu a duk gwajin da muka yi, ranar na same shi a banza. Kawu ya ci a hankali. Kowane ɗanwake sai ya juya shi, ya kai baki kamar magani, ya tauna, shi da ya ce ba a taunawa. Yana ƙoƙarin ci ba tare da bakinsa ya motsa ba, abin da ba ya yiwuwa, sai gemunsa ya riƙa rawa shi kaɗai. Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin hula. Ga yajin da matarsa ta zuba don ta taimake ni, ga kunya ta hana shi neman ruwa. Surukinsa kuwa yana can baya yana nazarin rufin aji kamar shi aka aiko ya gyara, yana rubutu ba ya kallon takarda.

Na nuna shi na ce, "Tun yaushe ya fara?"

Yara suka ce, "Tun ɗazu!"

"Ya gama?"

"Bai gama ba!"

"To me za mu ce?"

Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "He has been eating the food!" Har 'yan aji biyar suka leƙo ta taga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa daidai, don ga abin nan a gabansu yana faruwa, kuma da alama zai daɗe yana faruwa. Na ce wa zai ƙirƙiro tasa jimlar. Yarinyar nan mai kaifin baki ta leƙa fuskar kawu, ta ga idanunsa sun yi ja, ga danshi a kumatu, ta miƙe ta ce, "He has been crying." Wato tun ɗazu yake kuka. Jimla ce lafiyayya, ba ni na koya mata ba. Na ga mai dubawa ya gyaɗa kai, idonsa yana sama.

Tozo ya sauka, aka kai tsakiya, aka fara ganin katako. Sai kawu ya ajiye tsinke ya mayar da faifai. Na leƙa, saura guda ɗaya a gindin akushi. Na gane nufinsa. Tun da ya ci a gaban suruki, aƙalla kada a ce ya share kwano. Wannan guda ɗayan shi ne abin da ya rage masa na mutunci. Ni kuma rabin darasina yana kansa, don muddin yana nan ba mai iya cewa an gama.

Na tsuguna kusa da shi na ce a hankali, "Kawu, saura ɗaya."

Ya ce, "Na gani."

"Sai babu komai za su iya faɗin ɗayar."

Ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Ya sake ɗage faifai. Ɗanwaken kuma ya ƙi sokuwa. Mai ya yi masa yawa, kawu ya soka ya zille, ya bi shi ya zagaya akushi, yara suna ihu suna nuna masa inda ya nufa. Daga ƙarshe ya ajiye tsinke ya kama shi da yatsu ya jefa a baki. Na ɗaga akushi na kifa shi sama kowa ya gani.

"He has eaten the food!" Har da tafi.

Kawu bai jira an tashi ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a sauka lafiya," ya ɗauki akushinsa ya fita, ya manta takalmansa a bakin ƙofa. Mai dubawa ya kira ni ofishin hedimasta ya ce na wuce, kuma da kyau. Ya ce yara sun fahimta, ya gani. Sannan ya ƙara da cewa nan gaba in zan kawo kayan koyarwa in fara tambayar inda suka yi aure.

Na tarar da kawu a gindin wata bishiya kusa da gida, bai shiga ba. Na ajiye masa takalmansa. Ya ce, "Ya ce ka wuce?" Na ce ya ce na wuce. Ya ce, "To shi ke nan." Ya tambaye ni me yarinyar nan ta faɗa da ta leƙa fuskarsa, na ce cewa ta yi yaji ya yi yawa. Ya ce yarinyar tana da hankali. Sannan ya ce in riga shi shiga in gaya wa matarsa da bakina, shi ba zai iya ba. Da na gaya mata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai kuma ta rufe baki ta ce, "Wayyo, Baba ƙarami!" ta shige ɗaki.

Labari ya isa Birnin Kudu kafin mako ya zagayo. Ba wanda ya yi fushi, da ma fushin aka yi da ya fi masa sauƙi. Tsokana ce ta tashi. Duk sanda ya je gaisuwa, ƙannen matarsa sai su cika kwano su ajiye masa a zaure, su jeru a bakin ƙofa suna jira, wani ya ce a kira Baba ya zo ya duba. Kawu bai taɓa yi mini gori a kan wannan ba, ko sau ɗaya, kuma hakan ya fi damuna fiye da a ce ya zage ni.

Bayan shekaru masu yawa, ina hedimasta a lokacin, shi kuma ya tsufa, na ɗauke shi a babur muka je Birnin Kudu duba wani mara lafiya a dangin matarsa. Muka yini. Da za mu dawo na tsaya a tasha na sayi tsire mai zafi, na miƙa masa, don na san tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Ya karɓa ya riƙe a nannaɗe. Ya ce, "Mu je tukuna." A hanya yake gaya mini, kamar ba wani abu ba, cewa tun daga waccan shekara bai ƙara cin komai a cikin garin nan ba, ko a gidan surukai, ko a kasuwa, ko a tasha. Ya ce bai san ta inda wani zai ɓullo ba.

Sai da gidaje suka ƙare, muka shiga gonaki, ya taɓa kafaɗata na tsaya. Ya sauka ya nemi inuwa, ya duba hanya gabas da yamma, ya zauna ya ba garin baya, sannan ya kwance takardar. Tsiren ya riga ya huce. Na tsaya riƙe da babur ina kallon bayansa. Ya miƙo mini tsinke ɗaya ta saman kafaɗa bai waiwayo ba, ya ce in yi sauri in karɓa kafin ya canza shawara.